Me Ya Hana Ƙwallon Ƙafa Cin Kasuwa A Amurka? Akwai Darasi Ga Mutanen Bauchi

A duk wasannin da 'yan Adam suke yi a doron ƙasa, babu wanda ya kai ƙwallon ƙafa yawan masoya. A cikin garin Bauchi, daga Wunti zuwa Jahun, daga Yalwa zuwa Fadaman Mada, da wuya mutum ya ratsa unguwa bayan sallar La'asar bai ga yara sun jera duwatsu sun mai da su raga ba. Ranar Asabar da Lahadi kuwa gidajen kallo sukan cika maƙil, wanda bai zo da wuri ba sai dai ya kalla daga tsaye. Wannan shi ya sa samarin garin suke mamaki idan aka ce musu akwai wata babbar ƙasa mai mutane sama da miliyan 330, mai arziki da filayen wasa na ƙasaita, inda ƙwallon ƙafa bai zo na ɗaya ba, bai zo na biyu ba, bai ma zo na uku ba. Ƙasar kuwa ita ce Amurka.

A ƙarshen shekarar 2023 kamfanin Gallup mai binciken ra'ayin jama'a ya tambayi Amurkawa wasan da suka fi son kallo. Kashi 41 cikin 100 suka zaɓi zari-ruga irin tasu, watau wasan nan da ake rungume ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da shi, 'yan wasa sun sa hulunan kwano suna gwabza juna. Kashi 10 suka zaɓi besbol, wanda ake jefo ƙaramin ƙwallo a make shi da kulki, kashi 9 kuma ƙwallon kwando. Ƙwallon ƙafa, wanda su suke kira soka, kashi 5 kawai ya samu. To, me ya kawo haka? Amsar tana da amfani ga mutanen Bauchi, domin abin da ya hana wasan kafuwa a can shi ne zai iya tumɓuke shi a nan.

DALILAN DA AKA SABA BAYARWA

Waɗansu sukan ce Amurkawa mutane ne masu gaggawa, ba su da haƙurin zaman minti 90 a tashi canjaras ba wanda ya ci. Wannan magana tana da daɗin ji a majalisa, amma ba ta ɗaukar nauyi. Cikin shekarar 1994 an yi gasar Kofin Duniya a Amurka, aka buga wasa 52, mutanen da suka shiga filaye suka kusa miliyan 3 da dubu 600, adadin da ya wuce na duk gasannin da suka gabace ta. Ita ce gasar da Nijeriya ta fara zuwa, inda marigayi Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya a birnin Dallas ya kama raga yana girgizawa, aka tashi 3 da nema. Mutanen da ba su iya zaman kallon ƙwallo ba ba za su cika filaye haka ba.

Waɗansu kuma sukan ɗora laifin a kan talbijin. Suna cewa zari-ruga da besbol da kwando duk ana tsayawa a cikinsu jifa-jifa, sai gidajen talbijin su sami damar saka talla, alhali ƙwallon ƙafa minti 45 yake yi ba tsayawa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin talla ita ce abincin talbijin a Amurka, wasan ƙarshe na zari-ruga da ake kira Super Bowl kuwa mutum sama da miliyan 120 suka kalle shi a shekarar 2024. Amma fa talbijin bai bazu cikin gidajen Amurkawa ba sai a shekarun 1950, a lokacin kuwa an riga an gama rabon fage tun tuni. Tilas a koma baya idan ana son ganin tushen al'amarin.

WANDA YA RIGA KA BARCI

A shekarar 1863 aka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila, aka rubuta dokokin wasan. Daga nan ma'aikatan jiragen ruwa da na jirgin ƙasa, da 'yan kasuwa, da malaman makaranta suka ɗauki wasan suka yi ta yaɗa shi. Da suka isa Ajantina da Barazil da Afirka ta Yamma, sun tarar babu wani wasan ƙwallo mai tsari da ya riga su, sai wasan ya yi saiwa. A Amurka kuwa sun tarar da gida da mai shi.

Abin mamaki shi ne, wasan farko da aka yi tsakanin jami'o'i biyu a Amurka, watau Rutgers da Princeton, ran 6 ga Nuwamba 1869, ya fi kama da ƙwallon ƙafa, don da ƙafa aka fi buga shi. Amma Jami'ar Harvard, wadda ta fi kowa faɗa a ji, ba ta yarda da wannan salo ba. Cikin 1874 ta kara da Jami'ar McGill ta Kanada bisa dokokin zari-ruga, ɗalibanta suka ji daɗin abin, sauran manyan jami'o'i suka bi sawu. Daga 1880 wani ɗalibin Jami'ar Yale mai suna Walter Camp ya shiga sake dokokin, har wasan ya fita daga kamannin na Ingila ya zama na Amurkawa su kaɗai. Besbol kuwa ya riga ya yi nisa, domin tun 1869 birnin Cincinnati yana da ƙungiyar da ake biyan 'yan wasanta albashi, a 1876 kuma aka kafa babbar gasar ƙasa. Sa'an nan cikin 1891 wani malami mai suna James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a garin Springfield, don ɗalibansa su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin da sanyi da ƙanƙara suka hana fita.

Kafin shekarar 1900, watau, wasanni uku sun riga sun raba shekara a tsakaninsu, kuma har yau rabon bai sake ba. Besbol yana farawa wajen watan Afrilu ya ƙare a Oktoba. Zari-ruga yana kamawa daga Satumba zuwa farkon sabuwar shekara. Kwando yana tashi a Oktoba ya kai Yuni. Baƙon wasa ya zo ya tarar babu watan da ya rage masa, babu shafin jarida, babu fili. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Babban abin da ya kafa waɗannan wasanni uku shi ne makaranta. A ƙananan garuruwan Amurka, daren Juma'a na ƙungiyar makarantar sakandare ne, iyaye da kakanni da masu kantuna duk su hallara su kalli 'ya'yansu. Asabar ta jami'o'i ce, Lahadi kuma ta ƙwararru masu cin albashi. Filin wasa na Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000, kuma ɗalibai ne ke wasa a ciki. Yaron da ya iya zari-ruga ko kwando yakan sami gurbin karatu kyauta a jami'a, daga can manyan ƙungiyoyi su zo su zaɓe shi. Uban da ya ga wannan tsani a gaban ɗansa ba sai an roƙe shi ba. Shi ma uban a wannan makaranta ya yi wasa, kakan yaron ma haka, sai son ƙungiya ya zama abin gado kamar gona.

SAU BIYU ANA DASAWA, SAU BIYU YANA BUSHEWA

Kada mai karatu ya zaci ba a taɓa gwadawa ba. Cikin 1921 an kafa babbar gasar ƙwallon ƙafa a garuruwan masana'antu na gabashin Amurka, inda baƙi daga Sikotlan da Ingila da sauran ƙasashen Turai suka taru suna aikin masaƙa da ƙarafa. Ƙungiyoyi irin su Fall River da Bethlehem Steel sun yi tashe, suna tara dubban 'yan kallo. A Kofin Duniya na farko, a Yurugwai cikin 1930, Amurka ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Ajantina ta lallasa ta 6 da 1. Amma a 1928 rikici ya ɓarke tsakanin masu gasar da hukumar wasan ta ƙasa a kan wa ke da iko, aka kori waɗansu ƙungiyoyi, gasa ta rabu biyu. Ana cikin haka sai tattalin arzikin ƙasar ya karye a 1929, masana'antu suka rufe, ma'aikatan da ke sayen tikiti suka rasa aiki. Zuwa 1933 gasar ta mutu. Besbol da zari-ruga sun sha irin wannan wuya su ma, amma suna da makarantu da za su fake a ciki, ƙwallon ƙafa kuwa ba shi da su. 'Ya'yan baƙin nan kuma, da yake suna son a ɗauke su cikakkun Amurkawa, sai suka rungumi wasannin 'yan gida.

Saboda haka ko da Amurka ta ba duniya mamaki a 1950, ta ci Ingila 1 da nema a garin Belo Horizonte na Barazil, abin bai girgiza kowa a gida ba. Ɗan jarida ɗaya tak ne ya je daga Amurka. Bayan wannan ƙasar ta yi shekara 40 ba ta sake leƙa Kofin Duniya ba sai a 1990.

Gwaji na biyu na masu kuɗi ne. An kafa wata gasa a 1968, cikin 1975 ƙungiyar New York Cosmos ta ɗauko Pele, bayansa ta kawo Franz Beckenbauer na Jamus. Jama'a suka yi cincirindo don ganin shahararru, sauran ƙungiyoyi suka shiga gasar kashe kuɗi wajen sayen tsofaffin 'yan wasan Turai. Pele ya yi ritaya a 1977, 'yan kallo suka soma janyewa, bashi ya yi katutu, a 1984 aka buga kakar ƙarshe. An sayo reshe mai furanni an kafa a ƙasa, ba a shuka iri ba.

Akwai shaida guda da ta tabbatar da cewa makaranta ce asirin abin, ita ce ta mata. Cikin 1972 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su ba mata dama daidai da maza, har da wajen wasanni. Da yake babu wani tsohon wasa da ya riga ya mamaye fagen mata, sai makarantu da jami'o'i suka buɗe ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa. Kafin a cika shekara 20 matan Amurka sun ci Kofin Duniya na farko a 1991, suka sake ci a 1999 a gaban 'yan kallo sama da 90,000, suka ƙara a 2015 da 2019. Ƙasa ɗaya ce, jini ɗaya ne, wasa ɗaya ne. Inda aka ba shi makaranta ya yi 'ya'ya.

'Yan Nijeriya ma sun zama hujja. Hakeem Olajuwon a Ikko ya tashi, yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa yana kuma ƙwallon hannu. Ya tafi Jami'ar Houston a 1980, ya zama gwarzon ƙwallon kwando, ya ci kofin ƙasar a 1994 da 1995. Christian Okoye na Enugu ya je Amurka ne yana ɗan wasan jifa, jami'arsa ta sa shi zari-ruga, a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a babbar gasar ƙwararru. Da sun zauna a gida, da wata hanya suka bi. Wurin da yaro ya sami kansa shi ke zaɓa masa wasa.

YADDA ABIN YA KASANCE A AREWA

Idan aka juyo gida za a ga ƙa'idar ba ta sake ba. Turawa ba ƙwallon ƙafa kaɗai suka kawo ba. A Kwalejin Katsina, inda Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933 kafin ya dawo koyarwa a Midil ta Bauchi, ana yin kurket da wasan nan da ake kira Fives, wanda ake buga ƙaramin ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya shahara da son Fives. Ƙwallon doki kuma ya sami gindin zama a fadar Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ya ƙara bunƙasa a hannun Sarki Usman Nagogo. Amma duk waɗannan sun tsaya ga 'yan tsiraru, domin kurket yana bukatar kaya masu tsada, Fives yana bukatar ginannen bango, ƙwallon doki kuwa sai mai barga.

Ƙwallon ƙafa ya fi su sa'a ta fuska biyu. Na farko, ba shi da tsada, ko tsumma aka dunƙule aka ɗaure ya wadatar. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, ya shiga makarantun firamare da na sakandare, ya shiga barikin soja da na 'yan sanda, ya shiga ma'aikatar jirgin ƙasa da kamfanoni, aka kuma yi masa gasa mai lokaci sananne. An fara Kofin Gwamna a 1945, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale, Kano ta ɗauke shi a 1953. Mighty Jets ta Jos ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa 'yan wasan Nijeriya Kofin Afirka a Ikko, jama'a kuwa a ko'ina cikin Arewa suna manne da rediyo. Watau abin da makaranta ta yi wa zari-ruga a Amurka, shi ta yi wa ƙwallon ƙafa a nan.

To, ina dambe da kokawa da langa, waɗanda ƙwallon ya tarar a ƙasar Hausa? Su ne suka faɗa matsayin da soka ya faɗa a Amurka, da bambancin cewa su 'yan gida ne. Dambe yana da jarumai irin su Shago, yana da mawaƙa irin su Ɗan Anace, yana da jama'a masu son sa kamar rai. Abin da bai samu ba shi ne malamin makaranta da zai koyar da shi, da filin da hukuma ta ware masa, da tsanin da yaro zai hau. Lokacinsa kaka ne bayan an kawar da amfanin gona, aka kuma ɗauke shi wasan mahauta da 'yan ƙauye, sai 'yan boko suka juya masa baya. Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya dabam. Tun 1975, da aka fara a Tawa, gwamnati take shirya gasar kokawa ta ƙasa, jihohi suna karɓar baƙunci bi da bi, gwarzon shekara ya karɓi takobi, rediyo da talbijin suna watsawa kai tsaye. Sakamakon haka kokawa ta zama wasan ƙasa a Nijar, ƙwallon ƙafa bai iya ture ta ba. Mutanen Maraɗi da Damagaram Hausawa ne kamar na Katsina da Bauchi. Tsari ne ya bambanta su.

INA BAUCHI TA DOSA?

Bauchi ba baƙuwa ba ce a harkar wasanni. Ta karɓi baƙuncin Bikin Wasanni na Ƙasa sau biyu, a 1991 da 2000. Filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin filayen da aka buga Kofin Duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da na 'yan ƙasa da 17 a 2009. A gasar 1999 ɗin ma matasan Amurka sun taka wannan fili, Japan ta ci su 3 da 1. Ƙungiyar Wikki Tourists, wadda aka kafa a 1991 aka sa mata sunan maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari, ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1998 bayan ta doke Plateau United a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 2016 ta zo ta uku a gasar ƙasa, ɗan wasanta Godwin Obaje ya fi kowa cin ƙwallaye, ta kuma wakilci Nijeriya a gasar Afirka a shekarar da ta biyo. Ta faɗa rukuni na biyu a 2023, ta sake haurowa a 2025.

Da wannan tarihi mutum zai ce ƙwallon ƙafa ba shi da abin tsoro a Bauchi. Amma a duba da kyau a ga wane ƙwallo ne jama'a suke so yanzu. Tun da tauraron ɗan adam ya kawo gasar Ingila da ta Sifen cikin unguwanni, musamman bayan Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999 da Mikel Obi ya koma Chelsea a 2006, zukatan samari suka ƙaura Turai. Yaro zai lissafa 'yan wasan Manchester United ko Real Madrid har da na benci, amma a ce ya faɗi sunan mai tsaron gidan Wikki sai ya yi shiru. Kuɗin da yake biya a gidan kallo, wani kaso yana tafiya ga kamfanin tauraron ɗan adam, daga can ya wuce Turai. Ko kwabo ba ya komawa ga filin unguwarsu. Kallon wasan Turai ba laifi ba ne, kuma gidajen kallo sana'a ce da ke ciyar da iyalai. Laifin shi ne a ce an bar na gida ya mutu, domin kayan aro ba ya rufe katara.

A ɗaya gefen kuma tushen da ya raini wasan yana rauni. A biranen Arewa da dama filayen makarantu suna ta ƙanƙancewa, yau a yanki gefe a gina kantuna, gobe a yanki wani a ƙara azuzuwa, makarantu masu zaman kansu kuwa da yawa a cikin gidan haya suke, ba su da inda yaro zai yi gudu. Gasar makarantu, wadda a da take fitar da 'yan wasa, ta koma sai shekarar da aka sami mai ɗaukar nauyi. Manyan ƙungiyoyin ƙasar nan galibinsu na gwamnatocin jihohi ne, Wikki ma haka, saboda haka ƙarfinsu yana hawa yana sauka gwargwadon sha'awar wanda ke kan mulki. Duk wanda ya karanta labarin faɗuwar gasar Amurka ta 1933 da ta 1984 zai gane alamun: wasa ba makaranta a ƙarƙashinsa, shugabanni suna jayayya, ana sayen 'yan wasa daga nesa maimakon a raini na gida.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, Ma'aikatar Ilmi da ta Filaye su haɗa kai a auna filin wasa na kowace makarantar gwamnati, a yi masa takarda, a haramta gina komai a kansa. Makarantar kuɗi da ba ta da fili a tilasta mata ta ƙulla yarjejeniya da wadda take da shi.

Na biyu, a tsai da gasar makarantun sakandare a kalandar karatu yadda aka tsai da jarrabawa, ta tashi daga ƙananan hukumomi 20 na jihar, a buga wasan ƙarshe a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa a gaban iyaye da sarakuna. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ta Tatari Ali su ware guraben karatu ga yaran da suka yi fice kuma suka ci jarrabawa. Ranar da uba ya ga ƙwallo yana kai ɗansa aji, ranar zai daina ɗaukarsa wasan 'yan zaman banza.

Na uku, a mai da Wikki ta mutanen gari. A Amurka akwai wani gari mai suna Green Bay, mutanensa ba su wuce dubu 100 da 'yan kai ba, watau bai kai Bauchi ba. Ƙungiyarsa ta zari-ruga, Packers, tun 1923 jama'a ne suka mallake ta ta hanyar sayen hannun jari, filinta yana ɗaukar kusan mutum 80,000, masu jiran layin tikitin shekara kuwa sun haura 100,000. Babu abin da zai hana 'yan kasuwar Wunti da na Muda Lawal, da ma'aikata, da direbobi, su sayi hannun jari a Wikki su sami bakin magana a kan yadda ake tafiyar da ita, gwamnati ta riƙe kasonta. Mai abu shi ke tsaron abinsa. A haɗa da biyan 'yan wasa haƙƙinsu a kan lokaci, da tsaron da zai sa magidanci ya zo fili da ɗansa ba fargaba, da watsa kowane wasa da Hausa a gidajen rediyon jihar.

Na huɗu, kada a manta da dambe da kokawa da langa. A ba su fage na dindindin, da likita a gefe, da dokoki rubutattu, da gasar jiha mai lokaci sananne bayan kaka, kamar yadda Nijar ta yi. Langa da kokawa ba su bukatar komai sai rairayi da malami, ana iya fara su a firamare gobe.

Amurkawa sun gane kuskurensu game da ƙwallon ƙafa, suna kuma biyan kuɗin gyara. Sun buɗe sabuwar gasa a 1996, suka kawo David Beckham a 2007 da Lionel Messi a 2023, ƙungiyoyin gasar suka kai 30 a 2025, a 2018 kuma FIFA ta ba su baƙuncin Kofin Duniya na 2026 tare da Kanada da Meziko. Wannan karon sun haɗa da makarantun horar da yara, wasan kuwa yana ƙaruwa sannu a hankali. Duk da haka, bayan kusan shekara 30 ana zuba dukiya, kashi 5 cikin 100 ne suka ce shi ne zaɓinsu na farko. Wasan da ya rasa fagensa ba ya dawo da shi da sauƙi, ko da a ƙasar da ta fi kowa kuɗi. Bauchi ba ta da irin dukiyar Amurka, amma tana da abin da Amurka take nema da kuɗi, watau yara masu son wasan tun suna tatata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hukuma da masu hali da iyaye su tashi tun filayen suna nan. Allah Ya sa a ji, a kuma gyara.